Bushiya da Likitan Kabewa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga iya gaskiyarta.

Wata shekara annoba ta sauka a fadama. Ta kama fangali biyu na yabanyar kabewar Bushiya. Ganye ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, ga lokacin dashe ya matso, ga shi ba ta da sauran iri.

Tana tsaye tana duba, sai ga Kurege.

"Gwaggo, ai wannan cutar a gidanmu aka san ta. Madara ludayi ɗaya, ruwa ludayi tara, a yayyafa da safe. Kawo madarar, ni zan sirka."

"Kai za ka sirka?"

"Ni. Amma mai gona ba ya kallo, shi maganin nan kunya gare shi."

Bushiya ba ta taɓa jin magani mai kunya ba, amma ta kawo, ta dunƙule. Kwana ɗaya, ƙwarya ta ƙare, ganye fari. Kwana biyu, ƙwarya ta ƙare, ganye fari. Kwana uku, ganye fari, likita kuwa har sheƙi yake.

"Malam Kurege, na ga maganin yana aiki. Sai dai ba a jikin kabewa ba."

"Haƙuri, Gwaggo. Daga nesa yake farowa."

Ta ce to. Ta tuno kakarta da ruwan darbejiya take wa ganye magani. Ta daka ganyen darbejiya, ta tace a cikin madarar, ta kawo, ta dunƙule, ta bar ido ɗaya a waje.

Kurege ya waiga, ya kafa kai, ya cika kumatu. Ɗaci ya kai masa har wutsiya. Fuuu! Ya fesar a kan yabanya.

"Malam, sha kake yi?"

"Sha? Feshi ke nan, Gwaggo! Da baki ake yi."

"Ashe! To ga sauran. Fangali biyu ne."

Ya kurɓa ya fesa, ya kurɓa ya fesa, hawaye na zuba. Haka kullum safe har kwana bakwai, tana zaune ido biyu, don maganin ya daina kunya. Sabon ganye ya fito kore shar, Bushiya ta yi dashenta, ta kuma yabi likita a gaban kowa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In za ka yi ƙarya, yara, ka zaɓi wadda ba ta warkarwa.

Washegari masu lambu goma sha ɗaya ne a ƙofar ramin Kurege, kowa da ƙwaryarsa ta madara mai darbejiya.