Waƙafin Jinin Gwaggo Tasalla

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya gina ɗan Adam daga ƙwayoyin da ido ba ya gani, ya ba kowace aikinta, ya tsayar da masu gadi a cikin jininsa alhali bai roƙa ba, bai ma sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, ka daidaita harshena, ka buɗe kunnuwan masu saurare.

An yi wani mutum a wani gari, a wani zamani da ya shuɗe. Ba zan ambaci garin ba, domin ba garin ne abin nufi ba. Wannan bawan Allah sunansa Sha'aibu. Ya yi karatun likitanci mai zurfi har ana ce masa Dakta, amma ba ya duba marasa lafiya. Aikinsa a ɗakin bincike yake, inda ake leƙa jini ta madubin da ke girmama ƙananan halittu. Mutum ne marar yawan magana, marar son a san da shi.

Ku saurara, 'yan'uwa, in gaya muku abin da yake bincike a kai, domin wanda bai gane wannan ba ba zai gane labarin ba. A cikin jinin kowannenmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne garkuwar jiki. Wasu mayaƙa ne, wasu kuma aikinsu tsawata wa mayaƙan, su ce ya isa haka, don kada yaƙi ya cinye gidan da ake karewa. Akwai kuma wasu maƙera: in cuta ta shigo, sai su ƙera mata wani sinadari daidai da ita, wanda zai gane ta a cikin dubu ya manne mata. Masana suna kiransa antibodi. Wanda ya mallaki irin wannan sinadari zai iya ɗiga shi a jinin marar lafiya ya gane ko cutar ce ko ba ita ba ce. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan tsari!

To, a wata shekara wani mugun zazzaɓi ya faɗa wa ƙauyukan da ke kewaye da garin. Yana kama da zazzaɓin sauro, sai a yi ta ba da maganin da ba nasa ba, kafin a gane, mutum ya tafi. A wani ƙauye akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, ana ce mata Gwaggo Tasalla. Zazzaɓin ya ɗauke mata 'ya'ya da jikoki, ita ma ya kwantar da ita, amma ta tashi. Sha'aibu ya ji labarinta, ya ce lallai maƙeran jininta sun san fuskar wannan cuta. Ya tafi wurinta tare da abokin aikinsa Ƙasimu, wanda suka yi makaranta ɗaya tun suna samari.

Suka gaishe ta, suka faɗi abin da ya kawo su. Ta dube su sama da ƙasa, ta ce, "Ikon Allah! Samari biyu ƙarfafa, jinin tsohuwa kuka zo nema? Sauro ya bar muku saura ne?"

Suka yi dariya. Sha'aibu ya ce, "Gwaggo, kaɗan ne. A ciki akwai waɗanda suka yi miki yaƙi. Muna so mu raine su a kwalba, su yi ta ƙera mana abin da za mu gane cutar da shi."

"Su rayu a kwalba? Ko bayan na mutu?"

"In Allah ya so, ko bayan haka."

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, wasa ya bar fuskarta. Ta miƙa hannu ta ce, "Ɗiba, ɗan nan. Amma ku ji sharaɗina, ku biyu ne shaiduna. Na bayar saboda Allah, ladan ya je wa waɗanda na binne. Duk wanda ya zo nema don ya taimaki marar lafiya, a ba shi. Ba a kulle shi, ba a hana kowa. Kun ji?"

Ƙasimu ne ma ya fara amsawa. Ya ce, "Mun ji, Gwaggo, mun ɗauka."

Ku riƙe wannan kalma, jama'a. Mun ji, mun ɗauka. Wanda ya san fiƙihu ya san sunan abin da tsohuwar nan ta yi: waƙafi ne. Abin da aka tsayar saboda Allah ya fita daga mallakar mutane, wanda ke riƙe da shi mai tsaro ne kawai.

Sha'aibu ya sha wahala kafin abin ya yiwu. Ya yi ta tacewa, ya yi ta gwadawa, ya yi ta faɗuwa, har Allah ya ba shi nasarar ware ƙwayoyin da ake nema, ya sa suka zama masu hayayyafa ba tsayawa. Suna zaune a cikin wani ruwa ja-ja a ɗaki mai ɗumi irin ɗumin jiki. Kuma suna da wata ɗabi'a: in suka cika kwalba ba a raba su ba, sai su cinye abincinsu, su shaƙe juna, su mutu. Dole a riƙa rabawa. A bar kashi guda, a daskarar da wani a tulun ƙarfe mai tsananin sanyi, ragowar kuma ko a bayar ko a zubar. Sha'aibu bayarwa yake yi. Duk mai binciken da ya zo, daga babbar cibiya ko ƙaramin asibiti, sai ya cika masa 'yar kwalba, ya koya masa reno, ya ce, "Ka yi wa Gwaggo Tasalla addu'a." Gwaggo ta rasu, ƙwayoyinta suna raye.

Ana nan, Ƙasimu ya zama Farfesa, aka ba shi shugabancin cibiyar binciken da suke aiki. Sai ya fara jin ana ambaton wasu cibiyoyi da binciken da suka yi da ƙwayoyin nan, ba a ambaton tasa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya fara aika wa waɗanda aka ba a baya cewa su dawo da nasu ko su lalata, da sunan wai ana gyaran tsari. Saboda nauyin kujerarsa suka bi. Sannan ya kira Sha'aibu ofis.

Ya ce, "Sha'aibu, daga yau ƙwayar nan ba ta fita ƙofar nan. Mu muka yi wahala, wasu suna kwashe suna."

Sha'aibu ya ce, "Ranka ya daɗe, to ragowar da nake rabawa fa?"

"Zuba mata magani ta mutu, ka tuttular a kwata."

"A kwata?"

"A kwata na ce. Kurma ka zama?"

Sha'aibu ya ce, "Ban zama kurma ba, shi ya sa har yanzu nake jin muryar tsohuwar nan. Kana wurin, Farfesa. Kai ka fara cewa mun ɗauka."

Ƙasimu ya yi tsaki ya ce, "Maganar mai daddawa a ƙarƙashin rumfa za ka kawo mini ofis? Ta mutu, malam!"

"Ta mutu. Wanda ta ba wa bai mutu ba."

"Kai dai tun muna makaranta haka kake, limamin da ba shi da masallaci. Ni ina kare cibiya ne."

Sha'aibu ya ce, "Kai ne ka fi kowa iya karantar da ɗalibai cewa garkuwar da ba ta da mai tsawata mata, jikin da take tsaro shi take ci. Yau ni ne mai tsawatarwar. Duk abin da yake na cibiya, umarninka ne, zan bi. Wannan kuwa ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Ba zan zuba sadakar Tasalla a kwata ba. Kuma ba zan yi a ɓoye ba: wanda ya zo nema zan ba shi, da rana, kana gani."

"In ka yi, ka bar aiki."

"Allah ne ya kawo ni, ba kai ba."

Ku duba, bayin Allah. Mutumin nan yana da iyali, shekaru sun ja, kuma ɗakin binciken nan shi ne duniyarsa. Ba zagi ya yi ba, ba ɗaga murya ya yi ba. Amma bai ce to ba.

Ba a daɗe ba jarrabawa ta iso da ƙafarta. Wata likita mai suna Rumasa'u ta zo daga wani ƙaramin asibiti can bakin iyaka, da kular ƙanƙara a hannu. Ta ce, "Malam, yara suna mutuwa a wurinmu, muna zargin zazzaɓin nan ne, ba mu da abin tabbatarwa. An ce in zo wurinka."

Abokan aiki suka ja shi gefe. Wani ya ce, "Dakta, ka ce mata ƙwayoyin ba su da lafiya." Wani ya ce, "Ko ka sa mata a aljihu ta ƙofar baya, wa zai sani?"

Ya ce, "Na farko ƙarya ce, na biyu sata ce. Ni kuwa ba maƙaryaci ba ne, kuma abin da zan bayar ba na sata ba ne."

Ya cika kwalba, ya riƙe ta a sarari, ya bi ta baranda har ƙofar ofishin Farfesa, ya yi sallama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga Dakta Rumasa'u, ga kason Gwaggo Tasalla. Na zo ka shaida, kamar yadda ka shaida na farko." Ya miƙa mata a gabansa. Ya cire farar rigarsa ya ninke, ya ajiye makullan ɗaki a kan tebur tun kafin a tambaye shi.

Aka sallame shi. Ya koma wani ɗan ɗakin gwajin jini a bayan kasuwa, yana duba jinin masu zazzaɓin sauro. Mutane suna cewa taurin kai ya kai shi ya baro shi. Matarsa ta yi kuka, ya ce mata, "Ki yi haƙuri. Na fi son in ji kunyarki a kan in ji kunyar waccan tsohuwa ranar tsayuwa."

Shi kuwa Ƙasimu, saboda bai yarda da kowa ba, ya hana renon ƙwayoyin a kwalba, ya tattara su duka a tulun sanyi guda, ya kulle ɗakin, ya sa makulli a aljihunsa. Tulun nan kuwa ruwan sanyinsa yana ƙafewa, sai ana ƙara masa. Ya tafi taro wata ƙasa da makullin, tafiya ta yi tsawo, ma'aikata suna kallon ƙofa, ba mai ƙarfin halin fasa ta, domin sun ga abin da ya sami wanda ya yi musu. Da ya dawo ya buɗe, sanyin tulu ya tafi. Aka narkar, aka leƙa a madubi, ba ko ɗaya mai rai. Tsaro ya cinye abin da yake tsaro.

Da damina ta zagayo, zazzaɓin ya dawo, har cikin gari. Asibitoci suka yi ta aike cibiya, ba abin bayarwa. Ƙasimu ya nemi waɗanda ya sa suka lalata nasu, kowa ya ce, ai umarninka muka bi. Sai ga babbar mota a bayan kasuwa, tsakanin masu gawayi da masu gyaran keke.

Ƙasimu ya shiga ɗakin gwajin, ya kasa zama. Ya ce, "Sha'aibu, sun mutu. Duka."

Sha'aibu ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Waɗanda aka kulle ne kawai suka mutu."

"Rumasa'u ba za ta saurare ni ba. Kai za ta ji. Ka dawo aikinka, ka zaɓi kujerar da kake so."

"Ba na son kujera. Za ta ba ka, kuma ba don ni ba. Za ta ba ka domin kai ma yanzu mai nema ne don marar lafiya, sharaɗin Gwaggo ya hau kanka kamar kowa. Ko ni ban isa in hana ka ba. Abu ɗaya nake so: ka tara ma'aikata, ka maimaita musu da bakinka abin da ta ce da abin da ka amsa, sannan ka cire kwaɗon nan."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, na ɗauka."

Sha'aibu ya ce, "Ka taɓa faɗa. Wannan karon ka riƙe."

Suka tafi bakin iyaka. A ɗan ɗakin Rumasa'u ƙwayoyin Tasalla sun cika kwalabe, har ta rarraba wa asibitocin maƙwabta. Ta cika wa Farfesa tasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce in an ba mutum, a ce ya yi wa Gwaggo addu'a." Ya karɓa da hannu biyu.

To, jama'a, ga darasin a fili. Amanar da aka ba ka saboda Allah ba ta zama taka don ka daɗe da ita, kuma ba ta zama ta shugabanka don ya fi ka kujera. Abin da aka kulle ya mutu, abin da aka bayar shi ya rayu. Kai mai riƙe da rijiyar unguwa, kai mai littattafan da mahaifinka ya bari don ɗalibai, ke mai sanin wata sana'a da aka koya miki kyauta, wa kuka hana? Kai kuma da aka ba ka umarnin da ka san zalunci ne ka ce ni yaron gida ne, ka tuna ma'aikatan da suka tsaya suna kallon ƙofa. Ku bi na gaba a cikin abin da yake haƙƙinsa, da ladabi. In ya taɓa abin da yake na Allah, ku ce a'a, da rana, ba ƙarya, ba ƙofar baya. Al'ummar da ba ta da mai cewa ya isa, da hannunta take cin kanta.

Ya Allah, ka jiƙan duk wanda ya ba da jininsa ko saninsa don wani ya rayu, ka haskaka kabarin iyayenmu da malamanmu da waɗanda annoba ta ɗauke. Wanda ya karanta wannan, ka ba shi lafiyar jiki da ƙarfin zuciya, ka sa ya sauke amanar da ke wuyansa kafin a sauke shi a kabari. Amin.