Sukarin Kamfanin Ruwa

An yi wani mutum a wani gari cikin duwatsun Atlas, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa na raye. Injin matsar zaitun gare shi, gadon mahaifinsa. Jama'a sun yarda da shi, har mace kan sauke buhunanta ta juya ba ta kalli sikeli ba.

Idon ruwa ɗaya ne a garin, shi ke shayar da gonakin kowa. Wani kamfanin ruwan kwalba ya ƙyalla ido a kansa, amma ba ya taɓuwa sai majalisar gari ta sa hannu. Da zaɓe ya gabato, kamfanin ya tsayar da nasa ɗan takara, ya nemi wanda ake jin maganarsa. Aka ba mutumin nan sabuwar mota, aka yi masa alkawarin kujerar manaja.

Ya 'yan uwa, kuna tsammanin bai san abin da zai sami gonaki ba? Ya sani sarai. Ya ce a ransa in bai karɓa ba wani zai karɓa.

Sai ya shiga bin gidaje da curin sukari irin wanda a can ake kaiwa gidan biki ko gidan rasuwa, da ambulan ɗin kuɗi a ƙarƙashinsa. Ya isa gidan Lalla Ijja, tsohuwar ungozoma. Ta juya curin a hannu, ta ce, "Ɗana, ni na yanke maka cibiya. Wa ya mutu, ko wa za a aurar?" Ya ce zumunci ne kawai, sai dai ta tuna da mutumin kamfani ranar zaɓe. Ta yi dariya ta ce, "To in ruwan ya tafi, a me zan jiƙa sukarin?"

Ranar kasuwa yana zaune bakin injinsa ya jiwo guɗa. Ya miƙe yana gyara riga, a zatonsa godiya aka zo yi. Matan gari ne a jere, Lalla Ijja a gaba, kowace da curinta a ka. Ɗaya bayan ɗaya suka jibge masa a bakin ƙofa, ambulan ko buɗewa ba a yi ba. Kafin azahar ƙudan zuma sun hana shi shiga injinsa, 'yan kasuwa na riƙe ciki don dariya.

Aka yi zaɓe. Si Lahsan, tsohon malamin makaranta da ya yi yawon neman ƙuri'a a kan alfadari, shi ya ci. Aka dafa kuskus a dandali, maza da mata suka yi ta kiɗa da rawa, tsofaffi suka je bakin idon ruwa suka yi alwala suna hamdala.

Mai injin kuwa, bayan kwana uku kamfani ya aiko aka karɓe motar. Ya yi ta kiran waya, ba mai ɗauka. Da kakar zaitun ta zo, mutane suka gwammace su haura dutse zuwa injin wani gari. Wanda ya sayar da ruwanka, za ka ba shi awon manka? Injin ya yi tsatsa, ya sayar da shi a wulaƙance, ya tafi birni yana dako a tasha.

Ya 'yan uwa, ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Kamfani na da kuɗi, amma ba shi da yatsan dangwalawa sai naku. Kuma ku duba, a garin nan ba wanda ya ɗaga ko sanda, mata ne kawai suka mayar da abin da ba nasu ba.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar jama'a, ya ba mu zuciya irin ta Lalla Ijja. Amin.