Sunan Garin da Baba Philemon Bai Ƙarasa Faɗa Ba

Akwai wani tsohon soja a garin Zuru mai suna Baba Philemon. A unguwarsu tsohon soja ba abin kallo ba ne, kusan kowane gida akwai hoton wani da kaki a jikin bango. Sai dai shi a sama ya yi nasa yaƙin.

Lokacin yaƙin basasa yana saurayi, aka sa shi a wani jirgin ɗaukar kaya da aka cire wa ƙofa. Su uku ne a bakin ƙofar, shi da Talle da Ebenezer, kowa ɗaure da igiya a ƙugu. Da matuƙi ya kunna jar fitila sai su tura bam da hannu ya faɗa ƙasa. Iyakar abin da 'ya'yansa suka sani ke nan. Idan aka tambaye shi ƙari sai ya ce, "An yi, an gama."

Babbar 'yarsa Gladys shugabar wata makarantar sakandare ce a Kaduna. Mace ce mai tsari, komai nata da lokacinsa. A bariki aka haife ta, marigayiya mahaifiyarta kuma 'yar Kagoro ce, don haka Hausa da Turanci aka yi musu a gida. C'lela, harshen mahaifinta wanda Hausawa ke kira Dakarci, gaisuwa kawai ta iya da sunan abinci biyu ko uku.

A shekarar da jiragen soja suka yawaita wucewa ta saman Zuru suna nufar dazuzzukan wajen Ribah da Bena, tsohon ya canja. Da ya ji ƙarar jirgi sai ya ajiye cokali. Talle ya daɗe da rasuwa. A wannan daminar kuma aka bugo waya aka ce Ebenezer ma ya tafi. Bayan sati ɗaya Baba Philemon ya kira 'yarsa.

Ya ce, "Gladys, ki zo da wayar nan taki mai naɗar magana. Akwai kayan da na ɗauka fiye da shekara hamsin. Mu uku muka ɗauka, yanzu saura ni. Ina so in sauke kafin a kira ni."

Gladys ta ji daɗi. Dama tana shirin buga ɗan littafi na tarihinsa don bikin cikarsa shekara tamanin a coci. Ta nemi hutun kwana huɗu, ta rubuta tambayoyi ashirin da biyar a takarda, ta kama hanya.

Ranar farko suka zauna a gindin mangwaron tsakar gida da hantsi. Goggo Saloma, ƙanwar tsohon, ta zo daga Dabai da ke kusa da Zuru a kan babur da kwanon gyaɗa, ta zauna gefe tana ɓarewa.

Gladys ta ɗora wayar a kan kujera ta danna.

"Baba, wace shekara ka shiga soja?"

Ya faɗa.

"Wane muƙami ka kai?"

"Saje. Da ban mari wani mai dafa abinci ba da na wuce haka."

Goggo Saloma ta yi dariya. "Mai dafa abinci ne ya mare ka, Yaya. Mun ji labari tun a lokacin."

"Ke kina nan ne? Kina Dabai kina kiwon awaki."

Haka aka yi ta tafiya cikin raha. Ya ba da labarin sanyin da ke shigowa ta ƙofar jirgi har yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Ya ce Talle ba ya hawa jirgi sai da goro a kunci, Ebenezer kuma shi kaɗai ya iya karatu sosai a cikinsu, shi ke leƙa taswirar matuƙi ya gaya musu inda suke.

Da aka zo tambaya ta goma sha ɗaya, "Wace tafiya ce ba za ka manta ba?", sai tsohon ya sunkuyar da kai. Ya dubi tafin hannunsa. Da ya buɗe baki, ba Hausa ce ta fito ba. C'lela ce, a hankali, ƙasa-ƙasa.

Gladys ta miƙa yatsa ta tsayar da naɗin.

"Baba, Hausa don Allah. Ba na ji."

Ya ɗago kai kamar wanda aka tasa daga barci. "Wannan ba ta fita da Hausa, ɗiyata. Da Hausa aka ba mu umarni."

"To mu tsallake ta, mu je ta goma sha biyu."

Goggo Saloma ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Ki bar abin nan ya yi ta ɗauka mana. In ya gama ki kawo mini Dabai, ni in juya miki. A gabana ba zai faɗa duka ba, na san shi. Amma ga waya zai faɗa."

"Goggo, littafi nake rubutawa, kuma kwana huɗu gare ni. In na bar shi ya shiga yare, sai mu kai Kirsimeti a nan."

"Yare," in ji Goggo Saloma. Ta kakkaɓe zaninta. "To, malama. Allah ya ba da sa'a."

Ba ta sake zuwa ba har Gladys ta tafi.

Kwana uku ana haka. Duk lokacin da tsohon ya kusanci wannan tafiya sai harshensa ya juya, duk lokacin da ya juya sai yatsan Gladys ya sauka a kan waya. Ba da mugunta take yi ba. A ganinta tsufa ne ke jansa, kuma aikinta ne ta dawo da shi kan hanya, kamar yadda take yi wa ɗalibi idan ya bar tambaya ya kama wani zance. A rana ta huɗu ya daina juyawa. Ya amsa sauran tambayoyin a gajarce.

Da za ta shiga mota ya ce, "Kin samu abin da kika zo nema?"

"Na samu, Baba. Duka ashirin da huɗu."

"To madalla."

Bayan wata biyu, yana zaune a gindin mangwaron nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida. Idonsa na gani, kunnensa na ji, amma magana ta tafi. Hausa ta tafi, C'lela ta tafi.

Gladys ta dawo jinya. Da rana idan ya yi barci sai ta zauna tana sauraren abin da ta naɗa tana rubutawa. A naɗin rana ta uku ta ci karo da abin da ta manta. Maƙwabciyarsu Monica ta yi sallama a ƙofar gida, ita kuma ta tashi ta je amsawa ba ta tsayar da wayar ba. Ana jin takunta yana nisa. Sai ƙarar kujera, alamar tsohon ya jawo wayar kusa da bakinsa. Sai muryarsa da C'lela, da sauri, kamar mai gudun kada a kama shi. Minti uku da 'yan daƙiƙu.

Washegari da safe ta hau babur zuwa Dabai. Ta tarar da Goggo Saloma tana sussukar dawa.

"Malama ce da kanta? Littafi ya ƙare?"

"Goggo, ki yi haƙuri. Ki saurara mini wannan."

Tsohuwar ta kara wayar a kunne. Tun ba a yi nisa ba ta nemi turmi ta zauna a kai. Ta sa aka maimaita mata sau biyu. Sannan ta fara juyawa, tana kallon ƙasa.

"Ya ce, Gladys, wannan ne abin da na kira ki dominsa. Ya ce wata safiya aka ce musu sansanin mayaƙa za su je. Jirgi ya sauko ƙasa sosai saboda hadari. Da ya leƙa ta ƙofa sai ya ga rumfuna, ya ga mata da tire a ka. Ranar kasuwa ce. Ya ce fitila ta kama, Talle ya janye hannunsa ya ce shi ba zai tura ba. Ebenezer ya tsaya yana kallon babanki."

Goggo Saloma ta sauke wayar a kan cinyarta.

"Sai me, Goggo?"

"Ya ce shi ya tura. Shi kaɗai. Ya ce yana tsoron a ce ɗan Zuru ya ji tsoro."

Kaza ta zo tana tsattsagar dawar da ke kan tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Ya ce Ebenezer ya karanta sunan garin a taswira. Su uku suka yi alkawari in an gama yaƙi za su je su durƙusa a gaban mutanen garin. Kowace shekara sai su ce baɗi. Ya ce yanzu ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Ki rubuta sunan, ki je, ko ki aika da takarda cocinsu. Ki ce musu wanda ya tura yana da suna, sunansa Philemon, kuma bai yi barci mai daɗi ba tun ranar. Ya ce sunan garin..."

"Na'am?"

Goggo Saloma ta miƙa mata wayar. "Saurari ƙarshen da kanki. Wannan ba ya buƙatar mai juyawa."

Gladys ta kara a kunne. Ta ji takun ƙafa yana matsowa. Ta ji muryarta, a gajiye, irin wadda take yi wa ɗalibai.

"Haba Baba, ka koma yaren nan kuma? Hausa don Allah."

Daga nan naɗin ya yanke.

Ta koma Zuru ta nemo tsohuwar taswirar yankin da aka yi yaƙin a makarantar da ke kusa. Ta zauna a bakin gadonsa ta riƙe hannunsa na hagu, wanda ke motsi.

"Baba, na ji saƙonka. Goggo ta juya mini. Zan karanta sunayen garuruwa, in na zo kansa ka matse hannuna."

Hawaye ya gangaro masa ta gefe ɗaya. Ta fara karantawa. Sunayen sun yi mata nauyi a baki, ba ta san ko daidai take faɗarsu ba. A na bakwai ya matse. Ta ɗauki biro. A na takwas ma ya matse. A na tara ma haka. Sai ta gane ba amsa yake ba ta ba, riƙe ta kawai yake yi.

Ta gwada washegari, ta sake gwadawa bayan kwana biyu. Ta buga wa ɗan Ebenezer waya, ya ce mahaifinsu bai taɓa zancen yaƙi ba, kuma takardunsa gara ta cinye. Iyalan Talle ba wanda ya san inda suka koma. Garuruwan da ke da kasuwa a wancan yankin sun fi a ƙirga, kuma ƙanana da yawa ba su ma cikin taswirar.

Baba Philemon ya rasu saura sati uku ya cika tamanin. Littafin da aka shirya don biki, a wajen jana'iza aka raba shi. Shafi goma sha shida, da hotonsa cikin kaki a bango. Akwai shekarar da ya shiga soja, da muƙaminsa, da sanyin ƙofar jirgi, da goron Talle.

Bayan an tashi daga maƙabarta wani dattijon coci ya tsayar da Gladys, littafin na hannunsa.

"Ɗiyata, kin kyauta. Da kowa zai yi wa iyayensa haka, da tarihinmu bai ɓace ba. Ba ki bar komai ba."

Goggo Saloma na tsaye a gefenta, ba ta ɗago kai ba.

Gladys ta ce, "Na gode, Baba."

Har yau naɗin nan na minti uku yana cikin wayarta. Ta kwafe shi wuri uku don kada ya ɓata. Wani lokaci takan saurare shi, ko da yake ba ta jin abin da ake faɗa, kuma kullum tana tsayar da shi kafin a fara jin takun ƙafarta.

Darasi: Idan tsoho ya ce zo ka ji, ka ajiye tambayoyinka ka ba shi kunnenka, da kowane harshe maganar ta zo masa. Abin da ba ka fahimta ba yau za a iya fassara maka gobe, amma abin da ka katse ba mai dawo maka da shi. Tsofaffin da suka ga yaƙi da idonsu saura kaɗan. In akwai ɗaya a gidanku, ku zauna da shi a wannan satin, ku kunna waya, ku cire hannu daga kanta. Ku tura wannan labari ga wanda har yanzu yake da tsohon da zai saurara.