Irin Kande da Umarnin Janar

Ku matso kusa, yau gardama na kawo muku.

Kofur Barau tsohon soja ne. Matarsa Kande ita ce mai ajiyar iri a garinsu, tuluna sittin jere layi-layi a ɗakinta. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta ce ya ɗauko kwamfutarsa ya rubuta inda kowane iri yake. Ya buɗe jadawali, kwamfuta ta nuna masa zaɓin yadda gidajen jadawalin za su riƙe rubutu, ya ga na farko sunansa Janar. Soja kuwa ba ya tsallake Janar. Bai san kalmar ta Turanci a nan tana nufin gama-gari ba ne, mai canza abu yadda ya ga dama. Kande tana faɗa yana bugawa, idonsa na kanta, ba ya kan allo. Ba su kai rabi ba Allah ya karɓi abarsa.

Damina ta ƙarato, ya buɗe jadawalin don neman geron da ta gada wurin uwarta, wanda in bai shiga ƙasa bana ba ya mutu ke nan. Sai ya tarar da "biyar ga Maris". Duk jadawalin ya koma kwanan wata. Tsoho ya yi kuka, ya ce ko maganarta ta ƙarshe ya kasa riƙewa, ya rantse ba zai ƙara taɓa na'urar da ke sauya zancen mamaci ba. 'Ya'yansa mata uku suka zo.

Uwani, babbar, ko kunna kwamfuta ba ta iya ba. Ta sa aka karanta mata, ta girgiza kai. "Baba, yaushe Inna ta san Maris? Da watan Azumi da na Sallah take lissafi. Wannan ba bakinta ba ne." Ba don ita ba, da har yau ana zaton ranakun shuka ne.

Tasalla, mai aikin ofis, ta yini tana bincike har ta kama ɓarawon. Maris wata na uku ne, ashe Kande cewa ta yi uku-biyar, layi na uku, tulu na biyar, Janar ya yi shisshigi. Ta mayar da kowane gida kan zaɓin da ba ya taɓa rubutu, ta gyara su ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe tulun, ga gero yana ƙamshi.

Amma sauran tuluna talatin da wani abu suna cikin kan Kofur, don Kande ta sha faɗa masa a hira, shi kuma ya yi rantsuwa. Sai auta Jummala ta yanko takarda ta raɗa wa kowane zaɓi suna da Hausa, ta manna a gefen allo. Janar ya zama Sarkin Shisshigi, na kwanan wata ya zama Mai Ƙirga Rana, wanda ba ya taɓa rubutu ta kira shi Amana.

Kofur ya daɗe yana kallon takardar. "In Amana ce za ta riƙe, to zan faɗa mata," in ji shi. Ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya zauna ya rubuta sauran duka.

Gero ya nuna, aka yi furar farko. Kande ta bar ludayinta guda ɗaya, wanda ta ce a bai wa wadda ta riƙe mata irinta. Kofur yana riƙe da shi, 'ya'yan uku na gabansa.

To, ku faɗa mini, a hannun wa ya kamata ya sa ludayin nan?