Rufin da Aka Hana Ruwa

An yi wani mutum, magini, da Allah ya hore wa hannu. Ya kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ya zuba a kan rodi, gari na wayewa abin ya zama dutse. Ya 'yan uwa, ku dubi ikon Allah! Abin da ka dama da shebur jiya, yau guduma ba ta fasa shi. Amma yana da sharaɗi: sabon kankare ƙishirwa gare shi. Sai an yi ta shayar da shi safe da yamma, kwana da kwanaki, sannan cikinsa ya yi ƙwari.

Mutumin nan ya fi kowa sanin haka.

Yayarsa ce ta ba shi aikin gina mata gida. Mijinta ya rasu, tana neman inda za ta sa kanta da 'ya'yanta. Ya zuba mata rufin kankare, sai wani babban aiki ya ɗauke masa hankali. Rana ta yi ta gasa rufin, ko ɗigo bai gani ba. Ran da ya ji yayar za ta zo, ya yi wuf ya watsa bokitin ruwa guda a sama.

Ta ce, "Ƙanena, ana dai ba shi ruwa ko?"

Ya ce, "Wallahi, Yaya, kullum."

Subhanallahi! Da sunan wa ya rantse? Ya rufe idon yayarsa, to Mai gani cikin dutse fa?

Ranar cire katakon da ya tokare rufin, shi da kansa ya shiga ƙarƙashi yana ta raha da ma'aikata. Ya buge turke na tsakiya. Sai aka ji ƙas, ƙasa-ƙasa. Rufin ya sauko gaba ɗaya, yana marmashewa kamar busasshiyar laka. An zaro shi da rai, amma hannuwan nan biyu ba su sake riƙe cokalin gini ba.

Yayarsa ta same shi a gadon asibiti. Ba ta zage shi ba. Kuka take, tana cewa, "Haba ƙanena, da ka faɗa mini ba ka da sukuni, ai da kaina zan ɗebo ruwan."

Ya 'yan uwa, jiƙa sama ba ya ƙosar da ciki, rantsuwar ƙarya kuma ba ta riƙe rufi. Aikin da ba mai duba ka, shi ne wanda Allah yake dubawa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.