Zarton Da Aka Goge Wa Fuska

Akwai wani ɗalibi Bahaushe a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, sunansa Abdulbasit. Yana da ƙoƙari, wannan ba a musu, sai dai bakinsa bai taɓa iya furta "ban sani ba". Ko maganin ciwon raƙumi ka tambaye shi, sai ya ba ka amsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani mutum mai suna Tarig ya tare shi. Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro shi, yana zaune a unguwar Faisal da iyalinsa. Abin da kawai ya tsira da shi daga gidansu wani tsohon zarto ne na kakansa, an naɗe ƙotarsa da baƙar fata.

Tarig ya ce kakan nasa maƙeri ne da ya taso daga ƙasar Hausa zuwa Hajji a ƙafa, ya zauna a Sudan har ya rasu. Mahaifin Tarig kuma ya bar wasiyya cewa in duniya ta yi zafi, a kai zarton nan wurin dattijon Bahaushe, shi zai faɗi garinsu na asali. Yanzu ba su da gidan komawa, dangi yake nema.

Abdulbasit ya juya zarton sau ɗaya ya yi murmushi. Ya ce wannan ai ƙirar Turawa ce, tambarin kamfani na nan ƙarƙashin dauɗa, a bar masa shi kwana biyu.

Da ya koma ɗaki ya yanke fatar. Ƙotar ta yi sanyi ƙalau a tsakiyar zafin Alƙahira, har tsigar jikinsa ta tashi. A gefe da gefenta akwai wasu tsage-tsage masu zurfi. Ya ce a ransa kaushin tsufa ne. Ko hoto bai ɗauka ba, ya sa sanfefa ya yi ta gurza har itacen ya yi sumul. Babu tambari, babu ko harafi ɗaya.

Tun daga ranar tafin hannunsa na dama ya fara masa wani iri. In ya ɗauki alƙalami a aji, sai ya ji kamar layukan nan ne kwance a cikin hannunsa. Ya buɗe ya duba, ba komai.

Da abin ya ishe shi, ya yarda shi da Tarig suka hau ƙaramar bas zuwa wurin Baba Bakri, wani tsohon kafinta makaho, Bahaushen Sudan, a wani lungu na Faisal. Ɗakin duhu ne ko da rana, sai ƙamshin tsohon katako.

Tsohon ya bi haƙoran zarton da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan ba aikin inji ba ne, da hannu aka fitar da su, kuma ya san hannun. Aikin Iliya Maƙeri ne, wanda kafintocin bakin kogi a can Sudan suke layi a ƙofarsa. Tarig ya fara hawaye, don sunan kakansa ke nan.

Baba Bakri ya ce Iliya ba ya rubutu. Duk abin da ya ƙera wa kansa, askar gidansu da ke kumatunsa yake tsagawa a ƙota, don mai neman garinsu ya karanta. Sai ya kai hannu ƙotar.

Ya shafa. Ya sake shafawa. Sannan ya juyo da fararen idanunsa daidai inda Abdulbasit yake tsaye, alhali ba wanda ya ce masa uffan.

"Ɗana, kai ne ka goge masa fuska?"

Abdulbasit ya amsa cewa shi ne. Ya ce zai iya tunawa. Tsohon ya miƙa masa kumatunsa ya ce, "To, zana a nan da yatsanka."

Ya ɗora yatsa. Uku ne ko huɗu? A tsaye suke ko a karkace? Hannun da ya kwana biyu yana jin layukan ya mutu murus. A karon farko a rayuwarsa ya ce, "Baba, ban sani ba."

Tarig bai zage shi ba, kuma wallahi da zagin ya fi sauƙi. Ya ɗauki zarton, ya dubi ƙotar da ta zama kamar kowane guntun itace, ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya ustaz. Sai dai ka faɗa mini, in 'ya'yana sun tambaye ni su 'yan ina ne, me zan ce musu?"

Har yau Abdulbasit bai samo amsar ba.

Darasi: Abin da ba ka gane ba, kada ka yanke cewa ba shi da ma'ana. Tambaya ba ta rage wa mai ilimi komai, amma girman kai na iya shafe a cikin awa guda abin da wasu suka adana shekara ɗari. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda aka ba amanar kayan wani.