Manomin da Ya Ɓoye Sunansa a Caji Ofis

Akwai wani manomi mai suna Habila, ɗan wani dattijon ikilisiya, magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku. Ran nan ya kai masara kasuwar birni, gardama ta tashi tsakaninsa da wani dillali a kan mudu. Kafin ka ce me an kai ga dambe, dillali ya faɗi da fasasshen baki. 'Yan sanda suka zo suka tasa ƙeyar Habila zuwa caji ofis.

Da aka buɗe littafi, ɗan sanda ya ce, "Sunanka?"

Habila ya tuna da mahaifinsa, tsohon da yake zama a bencin gaba kowace Lahadi, ya tuna yadda labari yake gudu a ƙauyensu. Kunya ta rufe shi. Ya ce, "Tanimu Audu." Aka tambayi garinsu, ya ambaci wani ƙauye da bai taɓa takawa ba. Aka rubuta, aka karɓe takalmansa, aka tura shi bayan kanta, wato ɗakin da ake tsare mutane. Shi a ganinsa ya yi wayo. Gobe zai ba da haƙuri a sake shi, ya koma gida ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

To, ga yadda beli yake, domin waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa kai su wurin ba. Mutum ba ya fitar da kansa. Sai wani ya zo daga waje, mai gida sananne, da hotonsa da takardar mai unguwa, ya sa hannu cewa ya san ka, kuma duk ranar da aka neme ka zai kawo ka. In ka gudu, shi za a kama.

Washegari da hantsi, Habila yana tsugune cikin mutum ashirin, sai ya ji muryar da ya sani tun yana goye. Tsoho ne ya zo da takardunsa a leda.

"Ranka ya daɗe, belin ɗana na zo yi. Habila sunansa."

Ɗan sanda ya bi littafi da yatsa har ƙasa. "Baba, babu mai wannan suna a nan."

"Ɗana, ka dai sake dubawa. 'Yan kasuwa sun ce nan aka kawo shi."

Tausayi ya kama ɗan sandan, ya bar tsoho ya matsa bakin lungun da ke zuwa ɗakin. Tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Habila, ni ne. In kana ciki ka amsa."

Kalma ɗaya ta isa. Amma Habila ya juya fuskarsa bango, ya sa kai tsakanin gwiwoyi, ya yi gum. Yana ji tsoho ya sake kira, ya yi wa ɗan sanda godiya, ya ja ƙafa ya fita.

Goben da yake ta lissafi ba ta zo yadda ya so ba. A rana ta uku aka kai shi kotu. Alƙali ya ba da belinsa a kan sharaɗi mai sauƙi, mutum ɗaya daga ƙauyensu ya tsaya masa. Ma'aikacin kotu ya je ƙauyen da ke rubuce, ya dawo ya ce ba wanda ya san wani Tanimu Audu. Aka wuce da shi gidan yari, cikin masu jiran shari'a. Dillali ya warke ya koma harkarsa, ya daina zuwa kotu, aka yi ta ɗage zama. Damina ta zo ta wuce, gonarsa ta zama ciyawa.

Sai da wuya ta yi wuya ya je ya durƙusa gaban ganduroba ya ce, "Yallaɓai, ƙarya na yi. Sunana Habila."

Ganduroba ya ce, "Mu Tanimu aka kawo mana. Sai wanda ya san ka ya je kotu ya rantse."

Ya ba da saƙo ta hannun wani da aka sallama. Bayan mako biyu matarsa ta zo, ta rame har sai da ya sake dubanta. Ya ce, "Ina Baba? Ki ce ya zo da takardun nan."

Ta ce, "Maigida, Baba ya bi asibitoci, ya bi tashoshi, har ɗakin ajiye gawa ya shiga yana buɗe fuskoki. Watan jiya muka binne shi. Dattawa kuma sun ce ba za su sa hannu wa mutumin da ya musanta sunansa ba." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Sau uku na ce masa ya koma caji ofis, ya ƙi. Cewa yake yi ba ka can, domin da kana ciki da ka amsa masa."

Habila ya riƙe ƙarfen taga ya yi kuka kamar ransa zai fita, har ganduroba ya ce lokaci ya yi. Aka mai da shi ciki, aka rufe.

Ma'anar wannan misali ita ce, dukanmu muna bayan kanta saboda zunubi, ba kuwa mai iya yin belin kansa. Yesu Almasihu ya zo ya tsaya mana, ya sa hannu da jininsa, ya yarda a kama shi a madadinmu. Amma da sunanka na gaskiya yake kira, sunan mutumin da ya yi laifin. Mu kuwa mun rubuta wani suna. Muna shigowa nan majami'a da fararen kaya, a ce da mu ɗan mawaƙa, a ce uwar zumuntar mata, a ce dattijo, abin da muka aikata yana ƙunshe a ciki. Ina faɗa muku da baƙin ciki, na binne mutanen da suka ji kiran nan shekara talatin suna cewa sai gobe.

'Yan'uwa, kunyar furta zunubi ta yini ɗaya ce, ɗaurin ɓoye shi ba shi da ranar fita. Yau ma Yesu yana tsaye a bakin lungu yana kira, ba mu kuwa san ko sau nawa ya rage ba. In kana ciki, ka amsa.